Littafin Kwana Uku

"Ajiye wannan, miƙo mini wancan mai hoton mace da tulu," in ji Bello tela, yana tsugune gaban tabarmar Ɗahiru mai littattafai a bakin tashar jirgi. Ya ɗaga littafi ya kai bakwai, kowanne sai ya dubi kaurinsa ya mayar.

"Malam Bello, yau lafiya? Kullum mai kauri kake nema wa Baba George. Ga na yaƙi, ga na falke da aljana, wata guda kuna sha."

"Na soyayya nake so. Siriri."

Ɗahiru ya dube shi, ya zaro ɗaya daga ƙasa.

Baba George maƙwabcin Bello ne a unguwar Makera, katanga ɗaya ta raba su. Shekara ashirin yana awon kaya a reluwe kafin yanar ido ta zaunar da shi. Tun da Bello ya fito ajin Yaƙi da Jahilci tsohon ya mai da shi idonsa, bayan la'asar sai ya rufe keken ɗinki ya shiga ya karanta masa. Jiya kuwa malamin asibiti ya ja Bello gefe, ya ce zuciyar tsohon ta gaji, kwana uku ne ko huɗu. Bello ya san mutuminsa, ba abin da ya tsana irin labarin da ba a ƙarasa ba.

Abin da ya manta shi ne hannun mai awo. Da Bello ya shiga, tsohon na kishingiɗe kan tabarma da matashi a gindin mangwaro, ya miƙo tafi kamar yadda ya saba, ya jinjina littafin sau biyu.

"Kwana uku," in ji shi. "Haka suka ce maka?"

Kunya da tausayi suka rufe Bello. Ya shiga kame-kame, wai masu kaurin sun ƙare.

"Kai tela, ƙaryarka a jajiberin salla kawai take ci. Zauna. Amma shafi bibbiyu za ka riƙa yi mini, ni ba sauri nake ba."

Haka aka yi. Labarin wani ɗan dako ne da ya rasa bakin gaya wa 'yar mai tuwo yana son ta. Baba George kan tsayar da karatu ya daka wa saurayin tsawa: "Sakarai, je ka gai da uwarta mana!" Matarsa Mama Juliana kuwa daga bakin murhu take jefo tata, wai tsoho da jikoki ya zauna sauraron soyayyar takarda, ko kunya babu. In shafi biyu sun cika, sai tsohon ya laluba ya soka wani tsohon tikitin jirgi a wurin.

Littafin kwana uku ya ci kwana goma sha ɗaya. Allah ya sani, Bello har ya fara sa rai.

Ran Talata ya rage saura shafi ɗaya, ɗan dako ya isa ƙofar gidan su yarinyar.

"Baba, bari in ƙarasa, kaɗan ya rage."

"A'a. Bar mini na gobe."

Washegari da hantsi Bello na kan keke ya jiyo kukan mata ta katanga. Ƙafarsa ta tsaya cak. 'Yan cocin su Baba George suka zo suka yi waƙoƙi, aka kai shi makwancinsa. Abin ya tsaya wa Bello a rai, ya yi ta ganin laifin kansa da bai yi wa tsohon gardama ba.

Da aka kwana bakwai, bayan la'asar, sai ga Mama Juliana a ƙofar shago da littafin a hannu.

"Bello ɗana, ya aure ta ko kuwa?"

"Mama, ashe kina ji?"

"Tun shafin farko. Taso ka ƙarasa."

Ya tarar ta shimfiɗa tabarmar a gindin mangwaro, har da matashin. Ta zauna daga gefe, ta bar wurin tsohon ba kowa. Bello ya zare tikitin, ya rasa inda zai sa shi, sai ya ɗora kan matashin, ya gyara murya.