Baba Ya Gani

A shagonmu na gyaran keken ɗinki, keke ba ya fita sai Baba ya ja layi ɗaya da shi a kan ƙyalle, ya kasa kunne. Shi ya sa da na haɗa mana rumbun bayanai a kwamfuta, na sa wa wani ginshiƙi na jadawalin ayyukanmu, wato layi mai saukowa daga sama zuwa ƙasa, suna baba_ya_gani. Haka yake fitowa a kowane rasit: "Baba ya gani: E."

Baba ya rasu bara. Tun lokacin Yaya ce ke gwajin, kuma kunnenta bai gaza nasa ba, amma rasit bai san an yi rasuwa ba. Ni abin yana ci mini rai: ita da aiki, yabo na wani.

Rannan wani tela mai bakin tsiya ya duba rasit ya ce, "Ikon Allah! Daga can yake duba muku?"

Yaya ta yi dariyar yaƙe. Da ya fita na ce, "Yau sai na canja sunan nan."

"Auta, kar ka goge masa aikinsa."

"Suna kawai zan taɓa, Yaya. Abin da ke ciki yana nan."

Umarni ɗaya na rubuta, ginshiƙin ya koma yaya_ta_gani. Ta goge hannu a zani, ta sunkuyo tana murmushi. Sai ta ce in ja allon sama, mu ga tsofaffin ayyuka. Muka yi ta hawa har zuwa kekunan da aka gyara tun kafin ta iya riƙe sukurdireba, kowanne wai ita ta gani.

"Wannan ai ƙarya ce."

"Ginshiƙi suna ɗaya gare shi daga sama har ƙasa. Ko duka naki, ko duka nasa."

Ta daɗe tana kallon allon. Tausayinta ya kama ni.

"Mayar masa da nasa," ta ce. "Ka buɗe mini nawa a gefe."

"Babu abin da zai fito a ciki fa."

"Na sani."

Na mayar, na buɗe sabo, fari fat. Ta jawo keken da ke jira, ta sa ƙyalle, ta taka, ta karkata kai kamar yadda yake yi.

"Rubuta," ta ce. "Na gani."