Sakamakon da Na Ba Auta Aro

Kwalin yana kan bencin mai shayi, mu kuma mun kewaye shi kamar an ce maciji ne a ciki. Direbobin tirela ne mu, ƙatti masu furfura, waɗanda birki ya sha tsinke wa a gangare ba su ko ɗaga murya ba, amma ga mu kowa ya soke hannu a aljihu.

Jami'ar lafiyar da ta kawo shi ta ɗaga fakiti ɗaya. "Iyayena, ba allura, ba jini. Ka goga wannan a dasashinka sama da ƙasa, ka tsoma a 'yar kwalbar nan, ka jira minti ashirin. Layi ɗaya, ba ka da ƙanjamau. Layi biyu, ka zo asibiti a tabbatar, a ɗora ka kan magani. Kai kaɗai za ka gani."

Ta so ta ajiye kwalin a lungun bayan ofis, inda mutum zai ɗauka ba a gan shi ba. Ciyaman ɗinmu ya hana. Shi ko ashana za a raba a tashar nan sai ta bi ta hannunsa.

"Mu nan ba ma ɓoye-ɓoye, Malama. Duk 'yan'uwa ne. Mai so ya fito ya ɗauka."

Ba wanda ya motsa. Mutanen da na san ɗakunan da suke kwana a hanya, suka san nawa, duk suka koma waliyyai, suna kallon sama.

Ni Auta nake kallo. Ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na koya masa riƙon sitiyari. Watanni ke nan yana zubewa: tari, zazzaɓi mai tafiya ya dawo, har ya huda wa bel ɗinsa sabon rami da ƙusa. Matarsa kuma tana da ciki. Na sa hannu na zari fakiti biyu.

"Har biyu, Mai Tumbi?" in ji Ciyaman.

"Ɗaya nawa, ɗaya na tumbin."

Aka kwashe da dariya. Ciyaman bai yi ba. Auta yake kallo.

* * *

Wanda ya ƙirƙiro abin nan, Allah ya saka masa, amma na rantse yana da ɗaki mai sakata. A gidana ko ƙwayar ciwon kai ka ɓoye, yara za su tono ta su tambaye ka ta mece ce. Gidan Auta ɗaki ɗaya ne. Banɗakin tasha kuwa da ƙafa ake tare ƙofarsa, kafin ka gama tsugunawa an fara bugu ana tambaya ko haihuwa kake.

Daga ƙarshe na ce ya raka ni gwada birki. Muka fita bayan gari da rana tsaka, na faka a gefen titi, na ɗaga gilasai. Da ya ga abin da na ciro, fuskarsa ta canza.

"Yaya, mazinaci ka ɗauke ni ke nan?"

"Direba na ɗauke ka. Ni ma shi ne. Buɗe baki."

"Sanyi ne kawai ya kama ni."

"Sanyin da ya cinye maka ɗuwawu? Auta, ni na yi maka wanka kana yaro, kada ka sa in danne ka yanzu."

Muka goga tare, muka jera kwalaben a gaban gilas. Gumi yana bin wuyana, ina ta ba shi labarin wani gyaran giya da bai tambaye ni ba. A raina kuwa lissafin kaina nake yi, don ni ma ba a masallaci na yi ƙuruciyata ba.

Nawa ya tsaya a layi ɗaya. Na Auta, na biyun ya fito a hankali, ja, kamar mai jin kunya.

Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya ɗauki tsumma ya shiga goge gilashin da ba datti a jikinsa.

"Na jabu ne," in ji shi.

"To mu je su ƙaryata shi. Akwai magani, mutane na shekara da shekaru a kai. Kuma ga matarka da abin da ke cikinta."

"Kada ka sa ta a ciki, Yaya."

"Ni na sa ta?"

Ya sauke gilas ya wurga nasa cikin ciyawa. Ni na jefa nawa a aljihu, irin na wanda ya ci jarrabawa bai yi karatu ba.

* * *

Muna shigowa tasha muka tarar ana jiranmu. Wani ya hango mu a gefen titi, gilasai a rufe.

"Masu motoci sun ji labari," in ji Ciyaman, yana sakace. "Ba zan ba mutum lodi ba sai na ga abin da ya fito. Amana ce a wuyana."

"Matar nan cewa ta yi mutum shi kaɗai zai gani."

"Ita ba ta cin abinci kwano ɗaya da ku."

"Kai ka gwada, Ciyaman?"

"Ni ban ɗauka ba. Wanda ya ɗauka shi ya san abin da ya taka."

Na dubi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya. Da za a raba musu rabin kwalin nan, da wasu ba su yi barci ba, amma sun tsaya baki buɗe suna jiran a yanka wani. Auta yana gefena, ina jin numfashinsa. In aka ƙwace masa mota, ba shi da komai sai tabarma.

Na ciro abin daga aljihu na ɗaga. "Ga na Auta. Layi ɗaya. Ku zo ku lasa in kuna so."

Aka yi kabbara, ana bubbuga kafaɗarsa.

"Naka fa?" in ji Ciyaman.

"Na jefar."

Na kusa da ni suka ja da baya.

Washegari mai shayi ya ba ni kofi na daban, an ɗaura masa jan zare. Masu ba ni hannu suka koma dafa ƙirji daga nesa. Wani ya rubuta "kabari kusa" da yatsa a ƙurar ƙofar motata. Ciyaman ya ce in huta tukuna, ya miƙa wa Auta lodina. Na ce ba komai, mai tumbi irin nawa zai iya ɗaukar tsegumi na wata guda bai rame ba. Matata kaɗai na gaya wa gaskiya. Ta ce, "Ai na sani. Kai ko zunubi ne, kasala ba za ta bar ka ka ƙarasa ba." Sannan ta juya baya ta yi kuka.

Ina ganin na yi dabara. Na saya wa yaron sutura, yanzu sai magani.

* * *

Asibitin yana tsallaken titi, daidai ƙofar tasha. Sashen masu ƙanjamau kuma, don tsabar hikima, ƙofarsa daban ce, bencinsa yana kallon teburin mai shayi.

"Yaya, yanzu kowa ya san lafiyata lau," in ji Auta. "In aka gan ni a bencin can fa?"

Sai a lokacin na gane ramin da na haƙa. Na riƙe wuyan rigarsa, ba nauyi a cikinta.

"Ni zan zauna a bencin. Ai ni ne mai ciwon. Kai ka zo a matsayin mai dubiya, ka raka yayanka ciki. Ba wanda zai ce komai."

Ya ce to. Ya ce gobe in ya fito da lodi zai faka a gaban asibitin.

Da safe na tsallaka titi a gaban kowa, na zauna. Sista ta ɗebi jinina, ta dawo tana murmushi. "Baba, barka, ba ka da komai."

"Na sani. Ki ba ni maganin, na wani ne."

"Ba a bayarwa sai an gwada mai shi. Ka kawo shi."

"Yana zuwa."

Na koma benci. A tsallake, mutanenmu sun juyo da kujerunsu don su gan ni da kyau. Na ɗaga musu hannu, ba wanda ya mayar.

Hantsi ya ɗaga sosai kafin tirelar Auta ta fito daga ƙofar tasha. Ya kunna sigina ta ɓangarena. Na ji iskar birki, na miƙe tsaye. Ina hango shi a bayan sitiyari, kujerar ta yi masa yawa.

"Auta, a sauka lafiya!" wani ya ƙwala daga wurin mai shayi. Sauran suka ɗaga kofuna.

Motar ta gangaro a hankali har ta zo daidai ni. Siginar ta ƙifta, ta sake ƙiftawa, sannan ta mutu. Na ji ya canza giya.