Tarwaɗar Tafki na Uku

Ruwan da injuna ke zuƙowa daga ramin kwal na bayan dutsen Enugu ja ne kamar tsatsa, ga tsami mai cinye takalmi. Tafkuna uku aka haƙa masa. A na farko Okwudili yake zuba buhunan farar ƙasa yana dama da dogon itace har tsamin ya mutu. A na biyu laka take kwanciya. A na uku kuwa tarwaɗa ɗaya ce, baƙa, mai gashin baki kamar na tsohon alƙali. Muddin tana iyo lafiya, ana sakin ruwan ya gangara rafi.

Udenze ne mai kula da ita, kuma wurinsa manaja yake kai baƙi. Su tsaya suna kallon kifi, Udenze yana marmasa mata okpa, alalar gujiya, yana kiranta Adaeze. Okwudili yana hango su daga nesa, fari fat har girarsa, hannuwansa duk sun tsage.

"Dede, ka wanke fuska mana," in ji Udenze da rana, yana kiran Okwudili yaya da yarensu. "Jiya matar manaja ta ɗauka fatalwa ce."

"Ni nake gyara ruwan, kai kake cin yabo. Aikinka kenan, ciyar da amarya."

"To ka koyi iyo, wataƙila a zo kallonka."

Washegari Okwudili ya zuba rabin farar ƙasar da ya saba. Ba mutuwar tarwaɗar yake so ba, so yake ta ɗan yi laushi, manaja ya wanke Udenze tas a gaban jama'a.

Kafin azahar tarwaɗa ta taso sama tana haki. Udenze ya rufe ƙofar rafi da gudu, ya kwashe ta a daro, yana ta yi mata magana kamar jinjira.

Manaja ya zo ya duba jan ruwan da bai kai rafi ba, ya dafa kafaɗar Udenze. Ya ce farar ƙasar bana ba ta da ƙarfi, dole wani mai ido ya riƙa tsayawa a kan tafki na farko.

Ranar Litinin Udenze ya kawo kujerarsa ya ajiye a inuwa, dab da buhunan.

"Ƙara ɗaya, Dede," ya ce, yana ɓare okpa. "Ka dama sosai."

Okwudili ya sunkuya ya ɗauki buhun.