Zare Ɗaya a Zanen Papuk Senim

Husniati ce ta rubuta manhajar da hannunta, saboda haka ba ta da wanda za ta ɗora wa laifi.

Ƙungiyar masaƙan tsibirin Lombok ce ta ba ɗan kamfaninsu na birnin Mataram aikin tattara adon zannuwan gargajiya a kwamfuta. Kowane zane ƙunshin bayani ne guda: sunan masaƙiya, ƙauyenta, sai layukan saƙar ɗaya bayan ɗaya, kowane layi da launin zarurrukansa. Ƙungiyar ta kafa doka mai sauƙi: in ƙunshi biyu suka zo daidai, na farko ya zauna, na baya a cire shi a matsayin kwafi. Aikin Husniati shi ne ta sa kwamfuta ta jera su biyu-biyu, ta fito da inda suka bambanta.

Da hantsin Juma'a ta saki manhajar a kan zannuwa dubu da ɗari biyu. Talatin da bakwai suka faɗo a jerin kwafi. Tana bin sunayen tana kurɓar shayi, sai ta ajiye kofin. Na goma sha tara Papuk Senim ce, kakarta. Wai zanenta daidai yake da na wata mata daga wani ƙauye can gabas, wadda aka riga shigarwa.

Tsohuwar nan ta daina saƙa shekara uku ke nan, ido ya ƙi. Da ƙyar ta yarda aka ɗauki zanen aka ƙirga zarurrukansa, shi ma don Husniati ta rantse mata cewa sunanta zai shiga.

Suhaili, abokin aikinta, ya leƙo allon yana cin soyayyiyar ayaba.

"Ikon Allah! Ke da kanki kika kori kakarki?"

"Suhaili, bana son wasa."

"To ai kwamfuta ba ta san kaka ba. Ko dai sama-sama kike dubawa?"

"Har ciki nake shiga. Layi-layi, zare-zare."

Ta sake gwadawa a gabansa. Amsar ta fito fes: babu bambanci. Ranar Litinin za a miƙa wa ƙungiya jerin. Suhaili ya rage murya ya ce ai tana iya ɗaga wa na kakar ƙafa, wa zai sani? Ta galla masa harara, amma gaskiya ita ma tunanin ya ɗarsu a ranta, kuma hakan ya fi komai ɓata mata rai.

Washegari ta hau babur ta nufi ƙauye. Ta tarar da Papuk a rumfa tana gyaran barkono da lalube.

"Wa nake ji kamar ma'aikaciyar birni? An tuna da mu ke nan."

Husniati ta gaishe ta, ta sumbaci hannunta, sannan ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta iya faɗin abin da ya kawo ta. Ta zaci tsohuwar za ta yi fushi. Sai kawai ta tuntsire da dariya har da tari.

"Injin naku ya fi ni makanta ashe! Ɗauko min zanen a akwati, 'yar nema."

Tsohuwar ta shimfiɗa shi a cinya, yatsunta suna bin saƙar tana ƙirgawa a hankali. A layi na arba'in da ɗaya ta tsaya.

"Kawo idonki nan. Me kika gani?"

A tsakiyar jan fure, zare ɗaya baƙi ne. Husniati ta san shi. Wata biyu da suka wuce ta gan shi a cikin bayanan, ta ce masu shigarwa ne suka yi kuskure. Har da jin kai ta rubuta ɗan umarni mai layi uku: duk zaren da ya fita daban shi kaɗai, a mayar da shi launin maƙwabtansa kafin a fara gwadawa. Ita a ganinta shara ta yi.

"Papuk, na ɗauka kuskure ne. Ni na goge shi."

"Kuskuren gidanku! Uwata ce ta sa shi. Jan zarenta ya ƙare ana saura kwana biyu bikin yayata, kasuwa kuma tafiyar wuni ce. Ta zare ɗaya daga ɗankwalinta ta cike. Tun daga nan duk wadda ta koya a hannunta haka take sa shi. Furen kam na kowa ne, wannan ne namu."

Kunya ta rufe Husniati. Papuk ta lalubo kunnenta ta ɗan murɗa, ta ce ta tashi ta zuba shinkafa kafin ta huce.

Ranar Litinin da sassafe Husniati ta cire layukan nan uku, ta sake sakin manhajar. Allon ya rubuto: layi na 41, zare na 112, ja a na farko, baƙi a na biyu. Ba kuma na Papuk kaɗai ba. Cikin talatin da bakwai ɗin, ashirin da tara suka dawo, kowanne da ɗan zarensa a wani lungu.

Ta kira ƙauye, aka miƙa wa tsohuwar waya.

"Papuk, kin shiga. Ga sunanki ina kallo."

"Nawa kaɗai?"

"Gurbin suna ɗaya ne a ƙunshin."

"To ke ba ke kika gina shi ba? Buɗa shi."

Husniati ta saƙale wayar a kafaɗa ta ja allon rubutu. Minti biyu ya ɗauke ta ta mayar da gurbin ya zama jeri.

"Na buɗa. Faɗa min."

Papuk ta faɗe shi a hankali.

"Inak Rumisah, sunan uwata ke nan. Shekara hamsin ban ji wani ya kira shi ba. Sa shi a gaba da nawa."