Koren Tulu a Ƙarƙashin Shuɗi

A layin masu gyaran firji akwai wata ƙa'ida da babu hukumar da ta ɗora musu. Su suka zauna da abokan sana'arsu na tsallaken iyaka, suka yi alkawari: duk tulun gas da ya shigo shago, sai an kankare fentinsa da makulli. In koren nan ya fito, launin gas ɗin da aka haramta don yana cinye rigar sama mai tare mana zafin rana, to a mirgina tulun bakin titi kowa ya gani, a buga wa na tsallake waya a gaya musu motar da ta kawo.

Auta ta fi kowa zaƙewa a harkar, har 'yan layin suna tsokanarta da Kwastan. Da yayanta direba ya sauke mata wani tulu shuɗi, sai ta lura yana ta zuba surutu, shi da gaisuwa ma sai an roƙa.

Ta zaro makulli.

"Ke Auta, kayana ne fa. Har ni?"

"Na kowa ma haka nake yi, Yaya."

Ta ja makullin. Shuɗi ya tashi, kore ya leƙo. Mutumin nan shi ya goya ta tana ƙarama, shi ya tsaya mata ranar da dangi suka ce mace ba ta gyaran firji.

"Ɗura shi a firji kawai, wa zai sani?" in ji shi. "Sama ce za ta kai ƙara?"

"In na rufa maka, gobe maƙwabcina ya rufa wa surukinsa. Shi ke nan alkawari ya tashi."

"To ki ji da kyau. Tulun nan ya taɓa titi, ki nemi wani yayan."

Kuka ya taso mata, ta ji haushin kanta, ta haɗiye shi. Ta kwantar da tulun, ta ɗora ƙafa. Yaya ya tare ƙofa. Buge-bugen layin duk ya tsaya.

"Yaya, janye ƙafarka. Yana da nauyi."

Bai janye ba sai da ta tura. Tulun ya gangara, ya daki bakin kwata, koren yana kallon kowa.

Ta ɗauki waya. Ba sai ta leƙa lambar motar ba, ita ta raka shi ranar da ya sayo ta.