Maɗauri Na Goma Sha Huɗu

Ranar Asabar da azahar Halliru ya kira surukinsa da sunansa, karo na farko a shekara biyun da aka yi da aure. A saƙon murya ya yi, da wayar 'yarsa, a falonta da ke unguwar Abu Hail a Dubai, bayan ya warware laima biyu da safe bai sami abin da yake nema ba.

Halliru mutumin Zariya ne, shekararsa hamsin da takwas, sha ɗaya daga ciki a Dubai. Aikinsa naɗe laima a wani sansanin masu dirowa daga jirgi, can cikin rairayi a hanyar Al Ain. Kowane mai dirowa laima biyu yake goyawa. Babbar, shi yake naɗe abarsa. Ƙaramar, ta ko-ta-kwana, wadda ake ja idan babbar ta ƙi buɗewa, sai mai lasisi irin Halliru. Duk wata shida ake warware ta, a duba kowace igiya, a naɗe, a rufe da jan zare da hatimin dalma. Mutum tara suka sauko lafiya da naɗinsa. Al'adar wurin a kawo wa manaɗi kwalbar giya. Shi zuma suke kawo masa.

Kayan aikinsa goma sha huɗu ne, kowanne da gurbinsa a jikin allo. Ƙa'ida ita ce a ƙirga su kafin a fara, a sake ƙirgawa kafin jaka ta bar tebur. A cikinsu akwai jan maɗauri da ake ɗaure laimar da shi a tsakiyar naɗi, don kada ta zame. Dole a cire shi kafin a rufe. Idan aka manta shi a ciki, daga waje ba a ganin komai, laimar kuma ba za ta buɗe ba.

Ranar Juma'a ya naɗe uku. Ta ukun ta Zainul Abideen ce, mijin 'yarsa Wasila, injiniya mai dirowa a ƙarshen mako. Ya zo karɓa Halliru na saka hatimi. Bai shigo ba. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai ya gaida shi, ya tsaya a haka a kan siminti, abokan aikin Halliru 'yan Filifin suna leƙe. Halliru ya kasa barin suruki a durƙushe har ya gama ƙirga. Ya miƙa jakar yana kallon bango, ya ce a sauka lafiya, ya tafi masallaci.

Da safiyar Asabar ya ga gurbi ɗaya fayau a allo. Ya duba ƙarƙashin tebur, aljihunsa, kwandon shara. Ya gaya wa shugaban sansanin, ya yanke hatimin laima biyun da ke wurin, ya warware su har ƙarshe. Babu. Ta ukun ta tashi a jirgin safe zuwa Mombasa ta ƙasar Kenya, inda mai ita zai yi dirar farko da yamma.

Halliru ba shi da lambar surukinsa. Bai taɓa nema ba. Wadda ke cikin takardun sansanin a kashe take, sai ya nufi gidan 'yarsa.

Wasila ta buɗe ƙofa da ludayi a hannu. Sunan mahaifiyar Halliru ta ci, don haka shi ma nata sunan ba ya faɗa.

"Baba! Ba ko waya? Ko ƙamshin miyar ne ya kai har sahara?"

"Mamana, ina wayarki?"

Ta dubi fuskarsa, ta ajiye ludayin. Ya zauna a bakin kujera ya yi mata bayani daki-daki, kamar yadda yake rubuta rahoto: laima uku, biyu an buɗe, ɗaya saura.

"Yana ciki ke nan?"

"Ban sani ba. Abin da na sani ban ƙirga ba."

"Kai, Baba? Kai da kake ƙirga mana cokula bayan Salla?"

"Ya durƙusa ne," in ji shi. "Ya ƙi tashi."

Ta rufe baki da tafin hannu, dariya ta kusa ƙwace mata, sai idonta ya ciko. Ta kira mijinta, wayar a kashe. Ta fara rubuta saƙo, ta goge.

"Idan ni na ce kar ya hau, zai ce tsorona ne ya motsa, ya ce khalas habibti, wai shi ke nan masoyiya, ya hau abinsa. Kullum haka muke yi. Kai za ka faɗa masa."

"Ki ce masa in ji ni."

"Baba, muryarka."

Ta danna wurin ɗaukar murya ta riƙe masa wayar kusa da baki. Ya gyara zama, ya gyara hula.

"Assalamu alaikum. A gaya wa Injiniya..."

"Wa zai gaya masa? Shi ne zai saurara." Ta goge. "Yalla, maza a sake."

Sannan ya karɓi wayar da hannunsa.

"Zainul Abideen, ni ne Halliru. Kada ka hau jirgi da jakar nan. Ka kai wa manaɗin wurin ya yanke hatimina a gabanka, ya duba ko akwai jan maɗauri a ciki. Kuskuren nawa ne. Kada ka ji nauyina, ɗana. Ka kira ni."

Wasila ta tura. Ta kuma nemo lambar sansanin na Kenya ta buga sau biyu, ba a ɗauka ba, ta bar musu saƙo. Ta zuba masa tuwon shinkafa da miyar taushe ta ajiye a gabansa, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, wayar a tsakaninsu. Ya wanke hannu, ya gutsuri loma ɗaya don kada ranta ya ɓaci.

Jirgin ya sauka Mombasa ƙarfe biyu da minti goma. Har biyu da rabi, saƙon bai shiga ba.