Garin Albasar Tamaske

Shamsiyya ba ta daɗewa a aiki. Ta karanta sanarwa a wata radiyon gari a Keita, ta sayar da magani a farmasi, ta bi wani porje, wato shirin taimakon karkara, ƙauye-ƙauye tana yi wa manoma tambayoyi. Wanta Alhassan kan ce mata, "Ke kam, kujera cizonki takai?" Ita ma abin yana damunta. Ƙawayenta na lakwal, waɗanda suka yi boko tare, kowace ta kama abu ɗaya ta ƙware, ita kuwa komai rabi-rabi.

Hajiya Cima ce ta kira ta Tamaske. Ita ce shugabar ƙungiyar matan da ke busar da albasa, su niƙa, su ƙulla a leda. Sun tara kaya cike da ɗaki, amma ba ya tafiya. Sun ma ɗauko wani saurayi daga Yamai, Munir, gwanin talla a waya. Hotunansa suna da kyau, mutane suna yabawa, ciniki dai shiru.

"Ɗiyata, ba mu san inda abin ga yal lalace ba," in ji Hajiya Cima. "Ga buro nan, ɗakin aikinmu, ki zamna ki duba muna."

Ba ta iya zaman ba. Kafin azahar ta hau kabu-kabu zuwa tasha, ta bi mota ta Buza ta sauka Madawa. Ta shiga shagunan da aka ba kayan ɗaya bayan ɗaya, tana tambaya yadda ta saba a porje, ba ta gardama, sai dai ta ce, "Sai kuma mi?" Wani mai shago ya ciro leda daga ƙarƙashin kanta ya miƙa mata. Garin ya dunƙule kamar dutse.

"Wa za shi sayen wanga?" ya ce. "Kuma ledar ta cika girma. Mace na miya ɗaya taka so."

Shamsiyya ta murza ledar. A farmasi ta sha ganin garin magani ya yi haka in danshi ya shige shi. Ta koma Tamaske ta tsaya kan masu ƙulli, sai ta ga suna zuba garin da zafinsa daga injin niƙa su rufe nan take. Ta sa a riƙa baza shi ya huce tukuna. Matan suka yi gunaguni, don aikin ya ƙaru, Kaltuma mai kula da injin ma ta daina gaishe ta.

Ta je wajen Munir da zancen rage girman leda da na talla, tana tsoron zai ji haushi.

"Masu ganin hotunanka suna Yamai," ta ce, "masu miya suna Urno da Tabotaki, radiyo suka saurare."

Munir ya ce, "Ni radiyo ban san kanta ba. Amma ƙaramar ledar, bar mini ita. Zan yi mata zanen da ko wadda ba ta karatu za ta gane daga nesa."

Ya yi kuwa. Ita ta ɗauki muryar tallar da kanta, a bakin wata uwar gida da baƙi suka saukar mata, ga shi albasa ta ƙare. Ranar kasuwar Tabotaki ta kafa tukunya ta yi miya a gaban mutane, suna ɗanɗanawa da cokali. Kayan ba su ƙare ba a ranar, amma kafin damina ta fita masu shaguna sun fara kiran waya da kansu.

Da abin ya daidaita, sai ƙafarta ta fara ƙaiƙayi. Ta ji ana neman ma'aikata a Agadas, ta kasa cire zancen daga ranta. Hajiya Cima ta lura.

"Mun yi shawara," ta ce. "Muna so ki riƙe ƙungiyar ga duka."

"Hajiya, ni ban ƙware ga komi ba."

"Munir ya san zane, Kaltuma ta san inji. Wa ka iya magana da su duka biyu su gane?"

Shamsiyya ta kai ƙofa ta dawo. Ta ce za ta gwada zuwa kakar albasa mai zuwa, ba ta yi alkawarin fiye da haka ba. Washegari ta nufi Buza neman mai kamyon da zai riƙa ɗaukar musu kaya.